Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi yadda za ta kasa kayanta a intanet

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, na ce sai na samu zama, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce kayanki sun kai tamanin, atamfa da leshi da shadda da mayafai da 'yan takalma, kin zuba su a katalog ɗin WhatsApp Business kina kuma ɗorawa a Facebook, amma kullum sai "nawa?" da "yadi nawa ne?", ciniki kuwa shiru. Kina son sanin yadda za ki kasa su, da abin da za ki rubuta a ƙarƙashin kowane hoto.

Shekarata shida ina saro kaya a Kantin Kwari ina sayarwa daga gida, kuma kason da na fara yi, in na tuna dariya yake ba ni. Gida biyar na yi, wato rukunin kaya biyar a katalog: "Sababbin kaya", "Na Dubai", "Masu tsada", "Masu sauƙi", sai "Sauran kaya". Sababbin bayan sati biyu sun tsufa, ni kuma na manta ban kwashe su ba. "Masu sauƙi" babu mai son a ce daga nan ta zaɓa, ko da kuɗinta iyakar nan ne. "Sauran kaya" kuwa shi ya zama bola, duk abin da na rasa inda zan kai sai in jefa can, har ya fi kowane gida cika. Na kasa kaya ne yadda suke a kaina da ɗakina, mai saye kuwa ba ta taɓa shiga ɗakina ba.

A Kwari na gane inda matsalar take. Ki tsaya bakin shago minti goma ki saurara. Mace za ta leƙo ta ce "Akwai leshi?" Ba ta cewa "Akwai ja?" Sai an ce akwai, sannan ta shiga tambayar kala da yadi da kuɗi. To kalmar farko da take fita daga bakinta ita ce sunan gida: atamfa, leshi, shadda, yadin maza, mayafi, takalmi da jaka. Tambayoyin da suke biyo baya su ne bayanin da za ki rubuta a ƙarƙashin hoto. Idan kika ɗauki kaya guda kika tsaya kina tunanin gida biyu, ɗaya daga cikin biyun ba gida ba ne, bayani ne. Kala ita ta fi yaudarar mutane a nan. Atamfa ɗaya za ki ga kore da ruwan goro da baƙi a jikinta, a wane gidan za ki ajiye ta?

Da kaya tamanin, gida shida ya ishe ki. Katalog ɗin yana ɗaukar kaya har 500, amma kada yawan wuri ya sa ki yi gida ashirin, kowanne da kaya uku. Ni sai gida ya haura talatin nake raba shi, kuma atamfa ce kawai ta taɓa kai wa haka. Na raba ta bisa daraja, domin ta haka masu saye suke tambaya: Holan, Super, Kodebuwa, sai na China. Nan kuma ki ji tsoron Allah wajen suna. Holan ta gaskiya ta kamfanin Vlisco ce, a ƙasar Holan ake buga ta, kuɗinta ma ya isa ya faɗa miki. Idan taki mai kama da ita ce, ki rubuta sunan kamfanin da ke bakin zanen. Wadda ta san kaya, bakin zane take fara dubawa, shi ya sa a hotunan kowace atamfa nake saka guda na wurin rubutun nan.

Yanzu bayani. Ki koma saƙonninki na wata ɗaya ki ƙirga tambayoyin da ake maimaitawa. Nawa guda biyar ne suka fito: kuɗi, tsayi, kala, kamfani, da ko akwai da yawa. Su nake rubutawa a kowane kaya, da tsari iri ɗaya, don ido ya saba da inda zai nemi kuɗi.

Tsayin nan kada ki yi wasa da shi. Wata baiwar Allah a Maraɗi ta sayi shadda a wurina, za ta ɗinka wa maigidanta. Ni "biyar" kawai na rubuta. A raina yadi biyar, ita kuwa a wajensu da mita ake awo. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya, don haka a biyar ɗin nan ta rasa kusan rabin mita. Sai da tela ya shimfiɗa ya ce wando ba zai fita yadda ake so ba. Ta kira ni rai a ɓace, kuma tana da gaskiya. Na biya kuɗin mota na aika ciko, ribar gaba ɗaya ta tafi a hanya. Tun ranar nake rubuta "yadi 6" a atamfa, "yadi 5" a leshi, shadda kuwa in faɗi yadi ne ko mita. Kalmar "turmi" ma ba na barinta ita kaɗai, ina haɗa ta da adadi. Yadin maza ina ƙara faɗinsa, don mai inci 60 da mai inci 45 ba ɗinki ɗaya suke fitarwa ba.

Kala kuma ki kira ta da sunan da muke kiranta. Ruwan hanta daban, ja daban. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan omo, sararin samaniya, duk mace ta san su, sun kuma fi hoto gaskiya, don waya tana sauya launi, balle a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ni da hantsi nake ɗauka, a inuwar tsakar gida. In atamfa ce, ina faɗin kalar ƙasan zanen tukuna, sannan ta zanen da ke kai.

Abin da ya fi kawo mini kuɗi kuwa layi ɗaya ne da ban taɓa tunaninsa ba sai da wata uwar biki ta koya mini: guda nawa ne iri ɗaya. Mai neman anko ba kyau kaɗai take dubawa ba, so take ta san za a samu talatin ko arba'in. Da na fara rubuta "akwai 40, ana iya ƙarowa" ko "saura 2", masu anko suka daina wuce ni. Lefe da kayan sallah su ne kawai nake yi wa gida na ɗan lokaci. Na sallah ina buɗe shi tun kafin a kama azumi, don teloli suna rufe karɓar ɗinki da wuri, in rufe shi bayan sallah.

A Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, da kasuwar Facebook lissafin ya ɗan bambanta, don su suka gina gidajen, naki zaɓi ne kawai. Ki shiga har ƙaramin gida na ƙarshe da ya dace da kayanki, ki cike duk akwatunan da suka ba ki, kala, sabo ne ko na hannu, da unguwa. Mai saye yana tace kaya da akwatunan nan, wanda kika bari fayau zai iya sa kayanki su ɓace masa. Sunan kaya kuma ki tuna da wanda ba Bahaushe ba: abin da muke ce wa atamfa, a Legas ankara suke nema, shadda kuma a Nijar da Mali bazin ce. Ina rubuta biyun a wurin sunan kaya. Haka nan mutane ba sa danna ƙ da ɗ in suna bincike, don haka a wurin sunan kaya ina sakin su, a cikin bayani in rubuta daidai.

Takalmanki kuwa lamba kaɗai ba ta wadatar ba. Akwai 40 ɗin da ƙafar 39 ce take shiga. Ki gwada kowanne da ƙafarki ko ta wata a gida, ki rubuta "yana da ƙaramin yanka, a ƙara lamba ɗaya". In kin gama gyaran, ki turo hoton gida ɗaya nan mu duba miki.