Tambaya da Amsa: Za ni hawan dutsen ƙanƙara a Turkiyya, amma yanayin kullum da kalarsa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato, watan Janairu za ni Istanbul sarin kaya, to abokin hulɗata ya ce in mun ƙare za ya kai ni wani dutsi wai shi Uludag mu yi wasan zamiya bisa dusar ƙanƙara. Ni dai ban taɓa ganin abin ga ba sai cikin firij, kuma duk sadda na duba hasashen yanayi a waya sai in ga yau rana gobe iska jibi dusa, na rasa mi za ni kamawa. Rigar sanyina ta hunturu ta isa, ko in haƙura?
Mai karatu daga Mabera

Wa alaikumus salam Alhaji. Haƙuri kuma na me, ka je abinka, amma wannan rigar taka ka bar ta gida don Allah. Sanyin hunturunmu busasshe ne, da hantsi ya ɗaga an cire suwaita. Na can jiƙa mutum yake.

Uludag yana kan garin Bursa, tsayinsa mita 2,543, otal-otal da wajen wasan kuma suna wajen mita 1,800 zuwa sama. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6, to ka ga za ka iya barin Bursa ana yayyafi kawai ka tarar can sama an rufe ruf da dusa. Shi ya sa hasashen da kake dubawa ke ruɗa ka, wataƙila ma na cikin gari kake kallo ba na kan dutsen ba.

Abin da ya fi ɓata wa baƙi shiri wata iska ce mai ɗumi da ke tasowa daga kudu maso yamma, Turkawa na ce mata lodos. In ta taso da ƙarfi sai a tsayar da motar nan mai tafiya a kan waya da ke kai mutane saman dutsen, wani lokacin har jirgin ruwan Istanbul zuwa Mudanya, garin bakin teku da ake sauka a wuce Bursa, a soke, ga shi tana narkar da dusar, da dare kuma sanyi ya dawo ta daskare ta zama kamar gilas, wanda bai iya ba nan yake shan ƙasa. Don haka kar ka ware kwana ɗaya tal, kuma kar ka kuskura ka sa tafiyar a jajibirin ranar jirginka na dawowa. Ka ba ta kwana biyu ko uku, ranar da gari ya yi kyau a ciki ita ce taka. In ta mota za ku hau, ka tabbata direban na da sarƙar da ake ɗaura wa taya don hana santsi.

Kaya kuwa hawa-hawa ake sawa, uku sun isa, na ciki kar ya zama auduga don tana riƙe zufa ta sanyaya ka, na waje wanda ruwa ba ya ratsawa. Safar hannu dole. Tabarau ma dole, ba don gayu ba, farar dusa na mayar da hasken rana cikin ido har ta kan makantar da mutum na kwana ɗaya ko biyu. Takalma da sanduna haya ake bayarwa can, kar ka kashe kuɗin sari a kansu.

Ka biya mai koyarwa ko na awa biyu ne, ka tsaya gangaren 'yan koyo ko da yara ne suka cika shi, ba wanda ya san ka a can balle ya kai labari Tsohuwar Kasuwa. In hazo ya sauko ka ga sama da ƙasa sun zama fari ɗaya, ba irin ƙurar hunturu ba ce da kake tuƙi a ciki da fitila, tsaya ka nemi wajen shan shayi.

Af, ka yi alwalarka tun a masauki kafin ka sa takalman nan, cire su aiki ne.