Tambaya da Amsa: Yennefer ko Triss, wa ta dace da Geralt?

TAMBAYA: Salam Yaya, barka da aiki. Musu ne ya kawo ni wallahi. A shagon gem ɗin da muke zama nan Ƙofar Ƙaura mun rabu gida biyu kan gem ɗin The Witcher 3, na uku a jerin, har wani abokina ya daina zama benci ɗaya da ni. Cikin matan nan biyu masu sihiri, shi ya kafe wai Triss ce ta dace da Geralt, jarumin da ake bugawa da shi a gem ɗin, Yennefer masifaffiya ce kuma ba son tsakani da Allah ba ne, aljani ne ya ɗaure su. Ni kuma abin da ya dame ni, mi ya sa a gem na farko ba wanda ya gaya mashi akwai wata Yennefer a duniya? Ashe labarin ma da ɓaraka kenan. Sannan wani cikinmu ya ce shi duka biyun zai haɗa tunda namiji mijin mace huɗu ne. Don Allah a raba mana gardama.
Daga ƙaninka, Katsina

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka gaida mani abokin naka, ka ce ya dawo benci, don maganar aljanin nan da yake riƙe da ita gem ɗin da kanshi ya riga ya warware ta.

Asalin zancen daga littattafan Andrzej Sapkowski ne, marubucin ƙasar Foland. A can ne Geralt ya samu buƙata uku wajen wani aljani, da ya ga aljanin zai hallaka Yennefer sai ya yi amfani da ta ukun ya ɗaure ƙaddararshi da tata, kuma marubucin bai taɓa faɗin ainihin kalmomin da ya furta ba. To ita Yennefer ɗin ma wannan tambayar ta abokinka ce ke cin ta. Shi ya sa a The Witcher 3 da ya fito 2015, in kun je tsibiran Skellige za ta ja ka neman wani aljanin don ya kwance ɗaurin, a ga mi zai rage. Ana kwancewa ta ce ita dai ba abin da ya canza a zuciyarta, sai a bar maka zaɓi, ko ka ce kai ma haka, ko ka ce son ya tafi. Macen da asiri ke riƙe mata namiji ai ba ita za ta hau dutse neman makarinshi ba, ni a nan na gama yanke hukunci.

Masifa kam tana da ita, ba na musu. Ba ta gaya maka shirinta sai kun shiga tsakiyar bala'i, ga baƙar magana kamar ta aro baki. Amma ka duba a kan wa take wannan zafin, duk kan Ciri ne, yarinyar da suka riƙa kamar ɗiyar cikinsu tunda su biyun ba mai haihuwa.

Ita kuma Triss da kuke cewa salihar baiwar Allah, ƙawar Yennefer ce fa ta ƙut da ƙut. A gem na farko, na 2007, Geralt ya farfaɗo bai tuna komi ba, ko sunanshi sai da aka gaya mashi, Triss tana sane sarai da wadda ke ranshi amma ta ja bakinta ta yi gum ta shige gurbin. A unguwarku in wata ta yi ma ƙawarta haka kun san sunan da za a kira ta. Kuma abin dariyar, a littafin an faɗa ƙarara cewa ita Triss ɗin ce ta taɓa haɗawa da ɗan sihiri don ta jawo shi, wato dai zargin da abokinka ke ma Yennefer a ƙofar gwanarshi ya kamata ya aje shi. Ba wai na ce ba ta da kirki ba, yadda ta yi kasada da ranta wajen fitar da masu sihiri daga birnin Novigrad zuwa ƙasar Kovir lokacin da ake ƙona su da rai abin a yaba ne, kuma ta fi sauƙin zama nesa ba kusa ba.

Maganar ɓaraka kuwa kai ne da gaskiya. A ce Triss ta yi shiru don son zuciya, to Vesemir fa da ya rene shi? Dandelion fa, abokinshi mawaƙin da bakinshi ba ya rufuwa? Duk ba wanda ya zaunar da shi ya ce malam kana da Yennefer kana da Ciri. Masoya gem ɗin sun daɗe suna nema masu uzuri, wai sun ɗauka ta mutu ne ba su son fama mashi ciwo, ni dai bai gamsar da ni ba. A ganina kamfanin da ya yi gem ɗin, CD Projekt Red, ne ya so sabon ɗan wasa da bai karanta littafi ba ya fara daga sifili, sai da aka zo na biyu a 2011 tunaninshi ya fara dawowa, na uku kuma aka kawo ta da kanta, ɗinkin bai ɓoyu ba. Ko rabuwarshi da Triss tsakanin na biyu da na uku ba a nuna ba, sai dai ka ji ana zancen a bakinsu. Ni ban ma sa zancen Gwent, wasan katin da ke cikin gem ɗin, a lissafi ba, mutum ɗiyarshi ta ɓata ana farautarta shi kuma yana zaune yana buga kati da mai shago, wannan laifin mai buga gem ɗin ne.

Sai mai son haɗa biyu. Ka ce mashi gem ɗin ya san da zuwan irinshi. In ka ce ma Triss kana son ta a bakin jirgin ruwa, ka je Skellige ka maimaita ma Yennefer, daga baya za su gayyace ka masauki ɗaya a Novigrad kamar an sasanta, ka zo da murnarka, su ɗaure ka su yi tafiyarsu, sai da safe Dandelion ya zo ya same ka a haka. Daga nan ba wadda za ta sake sauraronka, har a ƙarin labarin da aka yi ma gem ɗin a 2016, Blood and Wine, ba ɗayarsu da za ta leƙo gidanka na Corvo Bianco. In ya nace sai ya gwada, ya yi sebin daban tukuna, wato ya adana inda ya tsaya don ya iya komawa baya.

Af, ku gaya ma mai shagon cewa gem ɗin na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, yaran da ke leƙe ta taga a tura su wajen masu buga ƙwallo.