Wane Batu Zan Ɗauka a Binciken Digirina na Biyu?

Tambaya: Malam, ina digiri na biyu a fannin kasuwanci da gudanarwa. Sau biyu malamin da ke duba aikina yana dawo min da taken bincikena, wai ya tsufa. Don Allah me masu bincike suka sa a gaba yanzu? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ranki ya ɓaci. Yanzu haka akwai takardu uku a kan teburina, dukansu a kan yadda ƙarfafa wa ma'aikata gwiwa ke shafar aikinsu, kuma duk na bi su da jan biro. Batun ba shi da aibu, sai dai an tatse shi.

Inda hankali ya fi karkata yanzu shi ne ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, a wurin aiki. A 2023 Erik Brynjolfsson na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa biyu sun bibiyi ma'aikata sama da 5,000 masu amsa koken kwastomomi. Da aka ba su manhajar da ke taya su tsara amsa, matsalolin da suke warwarewa cikin awa ɗaya suka ƙaru da kashi 14 cikin ɗari. Abin da ya tsaya min a rai shi ne sababbin shiga ne suka fi cin moriya, wajen kashi 34, tsofaffin hannu kuwa kusan suna nan yadda suke. To idan na'ura tana miƙa wa sabon ma'aikaci abin da tsoho ya yi shekaru yana tarawa, da me kamfani zai auna darajar tsohon? Da ni ne ke, nan zan dosa.

Akwai kuma aiki daga gida. Masanin tattalin arziki Nicholas Bloom ya gwada ma'aikata 1,612 na kamfanin tafiye-tafiye na Trip.com a ƙasar Sin, aka buga sakamakon a 2024: waɗanda aka bari su yi kwana biyu a mako suna aiki a gida, masu ajiye aiki a cikinsu sun ragu da kashi ɗaya bisa uku, kuma ingancin aikinsu bai faɗi ba.

Tun da jirgin ruwan Ever Given ya toshe mashigin Suez na kwana shida a Maris 2021, ga kuma annobar korona, ana ta nazarin yadda kamfani zai ci gaba da samun kaya idan hanya ɗaya ta yanke. Wasu kuma na duba direbobin kamfanin tasi na Uber, waɗanda manhaja ce ke raba musu aiki tana kuma auna su.

Amma kada ki rungumi babban batu gaba ɗayansa, ba za ki iya da shi ba. Ki fara tambayar kanki: wane kamfani ne zai buɗe min bayanansa, ma'aikata nawa ne za su yarda su zauna da ni? Na ga ɗalibin da ya yi wata takwas yana jiran alkaluman da ba su zo ba. Idan kin tabbatar da wannan, ki rubuta tambayarki a layi ɗaya, ki kai wa malaminki kafin ki taɓa babi na farko.