Giyar injin kwaɓa fulawa da ta karye: yadda za a auna a sake ƙera ta

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena mai gidan burodi, na saurari saƙonka, na kuma ga hotunan. Ka ce giyar roba ta injin kwaɓa fulawarka ta zubar da haƙora uku, ka zaga Ƙofar Ruwa ba ka samu irinta ba, kana tambaya ko za a iya zana ta a kwamfuta a sake yin wata. Ana yi, sosai ma. Amma saurara da kyau.

Abin da baniya kalifa, wato ma'aunin nan mai baki da ake auna kauri da faɗi da shi, za ta nuna maka ba shi ne girman giyar na asali ba. Wannan giya ta yi shekaru tana cin aiki, ta sha gugar zamani. In ka kwafi abin da ka auna daidai-wa-daida, to tsohuwar giya ka sake haifa. Lambar da wanda ya ƙera ta ya nufa, ita muke farauta.

Fara da ƙirga haƙora, har gurbin waɗanda suka karye. Sa alama da biro kada ka rikice, ni kaina na taɓa ƙirga 39 a wurin 40, aka yi asarar aiki guda. Sai ka auna faɗinta daga tsinin haƙori zuwa tsinin na ɗaya gefen, wuri uku ko huɗu. A ce haƙora 40 ne, faɗi ya ba ka milimita 62.6. Ƙara 2 a kan 40, ya zama 42, ka raba 62.6 da shi. Za ka samu 1.49. To babu kamfanin da ke yanka giya a 1.49. Modul ɗinta, wato lambar girman haƙoranta, 1.5 ne, faɗinta na asali 63, sauran guga ce ta cinye. In kuwa ka ga lissafi ya tsaya wajen 1.59, kada ka tilasta shi. Wannan injin awon inci ne, na Ingila ko Amurka, lambar haƙoran giyarsa a awon inci 16 ce, don milimita 25.4 da ke cikin inci ɗaya raba 16 shi ke ba da hakan.

Kar ka tsaya nan, abokiyar cizonta ma shaida ce. In ƙaramar tana da haƙora 16, haɗa da 40, 56 ke nan, sau 1.5, raba biyu, 42. Auna tsakanin tsakiyar sandunan biyu. In ka ga milimita 42, lissafinka ya zauna. Ramin tsakiya kuma sandar za ka auna, ba ramin ba, ramin ya buɗe. In akwai boris a wurin ma ka huta, karanta lambarsa kawai: 6203 cikinsa 17 ne, 6204 kuma 20.

Zanen shi ne mai sauƙi. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce, tana da wurin zana giya, ka ba ta modul da yawan haƙora da kusurwar cizon haƙori digiri 20, ita ce aka fi amfani da ita yanzu, tsofaffin injuna ne ake samun 14.5. Wannan duk in haƙoran a miƙe suke fa, kamar yadda na gani a hoton.

Wani ya ce ka kai Panteka a yanka maka ta ƙarfe ka huta. Gwanaye suna nan, ba musu, amma ni ban ba ka shawara ba. Sau da yawa da gangan ake sa giyar roba ɗaya a tsakanin na ƙarfe, don in kwaɓi ya yi tauri ita ta karye, kada motar injin ta ƙone. Ka nemi nailan. In firinta mai 3D za a yi da ita, kar a yi maka da robar da ake kira PLA, tana laushi tun wajen digiri 60, ga zafin gidan burodi. A buga ta gwaji da ita dai ba laifi, a ga ko ta ciji daidai.

Turo min adadin haƙoran biyun da awon nan, in duba bayan la'asar.