Yadda za ka cire Ubuntu daga kwamfuta ba tare da Windows ta lalace ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara wani abokina ya sa mini Ubuntu (wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows) a laftof ɗina tare da Windows 10. Yanzu na daina amfani da shi, ga shi ya cinye mini gigabait 60, kuma duk sanda na kunna sai wani baƙin allo ya fito yana tambayar wanne zan shiga. Yaya zan rabu da shi? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai fita, ɗan'uwa, amma kada ka fara da gogewa. Baƙin allon nan sunansa GRUB, shi ke tada kwamfutar yanzu, kuma yawancin fayilolinsa suna cikin ɓangaren ma'ajiyar kwamfutar da aka ware wa Ubuntu. In ka goge ɓangaren tun farko, kana sake kunnawa za ta tsaya cak da rubutun "grub rescue" ko "grub>", ko Windows ɗin ba za ka shiga ba. A nan mutane da yawa ke firgita su tafi wurin mai gyara, shi kuma ya share komai, har da hotunan biki da takardun makaranta. Abin na ba ni takaici, domin ba sai an kai ga haka ba.

Kwashe duk abin da kake buƙata daga Ubuntu zuwa filas tukuna, saboda Windows ba ta karanta tsarin ext4 da Ubuntu ke ajiya da shi. Ka kuma cika batir, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Sai ka shiga Windows, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, ka duba layin BIOS Mode. In UEFI ne, aikin da sauƙi. Sake kunna kwamfutar ka shiga saitin farko, wato BIOS (yawanci da danna F10 a HP, F2 a Dell, tana fara kunnuwa), ka ɗaga Windows Boot Manager ya koma na ɗaya a jerin abubuwan da ke tada kwamfutar. Kashe ka kunna sau biyu, ka tabbata kai tsaye take shiga Windows. In kuwa Legacy ne, sai ka nemi filas na gigabait 8 mai ɗauke da fayilolin saka Windows, ka tada kwamfutar da shi, ka zaɓi Repair your computer, ka buɗe Command Prompt, ka rubuta bootrec /fixmbr.

Yanzu ne lokacin gogewa. A cikin Windows, sake danna maɓallin Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc. Ɓangaren Ubuntu ba shi da harafi irin C ko D, ba a kuma rubuta masa NTFS ba. Gwada girmansa da gigabait 60 ɗin nan kafin ka danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Delete Volume. Ƙananan ɓangarorin da aka rubuta wa EFI System Partition da Recovery Partition kuwa, don Allah kada ka taɓa su, na Windows ne.

In filin da ya buɗe yana manne da C ta dama, danna C da maɓallin dama, ka zaɓi Extend Volume ka haɗe su. In akwai wani ɓangare a tsakaninsu, mayar da filin sabon D, ka riƙa ajiye littattafanka a ciki.