Amsa ga Malamar da ta yi tambaya kan koyar da awon kiɗa na 3/4 da 6/8

Malama sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki cewa 'yan JSS 1 ɗinki sun haddace 2/4 da 3/4 da 4/4 a takarda amma da kin ce su tafa sai kowa ya kama gabansa, ita kuma 6/8 ta gagare su kwata-kwata. Wallahi kamar a ajina kika zauna kika rubuta.

Ki ajiye alli tukunna. Kar ki bari lambar nan ta riga kunnensu, don da sun ga 3 a sama 4 a ƙasa shi kenan sun tafi darasin lissafi, har wani mai wayo zai ce miki ai 6/8 in an rage ta 3/4 ce. Ki fito da su fili. Hagu dama hagu dama na faretin safe 2/4 kenan, taken ƙasa da suke yi a asambali kuma huɗu-huɗu yake tafiya, su rera suna taka ƙafa da ƙarfi a bugun farko, sauran ukun tafi a hankali. Ta 3/4 kuwa lugude nake sa su, yara uku a benci ɗaya suna dukansa bi da bi, na farko ya fi sakin hannu. 'Yan matan nan da suke gaɗa a unguwa cikin minti kaɗan suke kamawa, mazan ne masu taurin kai.

Amma don Allah ki sanar da iyaye tun wuri, ni abin da ya same ni har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Muna cikin tafin nan a wata makarantar kuɗi da na koyar, ko ganga babu, hannu ne da benci kawai, sai ga wani uba ya faɗo ajin ba ko sallama, wai 'yarsa ta koma gida tana dukan faranti tana ƙirge. A gaban yara ya ce shi boko ya kawo ta ba roƙo ba, wai in ni a gidanmu maroƙa ne to in bar masa 'ya. Ni da na girme shi! Yarinyar tana tsaye jikin taga tana kuka, hijabinta duk ya jiƙe, sauran sun yi tsit. Shi kuma mai makarantar, wanda shi da hannunsa ya ba ni manhajar CCA ɗin nan, darasin al'adu da fasaha, ya ce in gama ta kafin jarrabawa, ya zo ya tsaya yana ba mutumin haƙuri, ya ce ai malamar ce ta wuce gona da iri. Bai ce min komai ba ko a ofis. Ƙarshen wata na tarar an yanke min albashi wai na tada hayaniya. Na bar shi da Allah, amma ban yafe yankan nan ba gaskiya. Kuma masu tsara manhajar ne fa suka haɗa zane da wasan kwaikwayo da kiɗa suka ɗora wa mutum ɗaya, ba kayan aiki, sannan in yara suka faɗi BECE, jarrabawar gama JSS 3, a ce ke ce.

A ina ma na tsaya? 6/8. Ita bugu biyu ce manya, kowanne an tsaga shi uku. Ƙafa ta taka sau biyu, baki ya ƙirga shida, nauyin a kan ɗaya da huɗu. A 3/4 shidan nan ce dai amma biyu-biyu aka raba, nauyin a ɗaya da uku da biyar. Ki raba ajin gida biyu, waɗannan su taka biyu waɗancan su tafa uku a lokaci guda, da farko za a yi ta dariya ana ruɗewa, can sai ki ga ta zauna, don kunnensu ya saba jin irinta wajen masu kalangu a biki. Sai a nan za ki koma allo ki ce lambar sama tana faɗin alamomin sauti guda nawa ne tsakanin layi da layi a rubutun kiɗa, ta ƙasa tana faɗin irinsu, 4 kurocet, 8 kweba, wato sunayen alamomin sautin, kweba rabin tsawon kurocet ce. In kina shiri da malamin Hausa ki jawo shi, gaɓa mai nauyi da marar nauyi da yake koya musu a karin waƙa tana taimakawa sosai, kuma iyaye ba sa tada jijiyar wuya in sun ji waƙar Hausa ce ko ta Islamiyya.

Yaranki nawa ne a aji? In sun yi yawa kar ki haɗa su gaba ɗaya, na baya kullum a makare suke tafawa su ja na gaba, layi-layi za ki bi su. Ki min magana ta gefe in turo miki muryar yadda nake ƙirga musu.