Amsoshin Tambayoyinku: Kafa Babban Allon Talla Tsakanin Turaku

Tambaya: Ina da kantin magani a Gusau, na sa an rubuta mini allo mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, ina so a ɗaga shi ƙafa 8 daga ƙasa tsakanin bututun ƙarfe biyu. Mai walda ya ce bututu mai inci 2 da rami mai zurfin ƙafa 2 sun isa. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, ba su isa ba, kuma ka yi dabara da ka tambaya kafin a haƙa ramin. Mai waldanka yana lissafi ne da nauyin allon, alhali abin da ke kayar da allo iska ce. Allonka ya kai murabba'in mita 3, kuma idan guguwar farkon damina ta taso da gudun kilomita 100 a awa, za ta tura shi da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 200, wato kamar an rataya masa buhun siminti huɗu ana jan sa gefe. Idan gudun iskar ya ninka biyu, ƙarfin turawar ninki huɗu yake yi. Sa'an nan duk ƙafa ɗaya da ka ƙara ɗaga allon, ƙarin wahala ce ga gindin turken, domin a nan ne ƙarfen ke lanƙwashewa.

Ka nemi bututu mai inci 3 a ƙalla, mai kaurin milimita 3, in da hali ma inci 4. Ramin ya kai zurfin ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2, a ƙara zurfi idan ƙasar wurin rairayi ce. A yi wa gindin bututun waldar guntun rodi a gicciye domin ya kama kankare, a kwaɓa siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4, a daidaita turakun da filam, wato ma'aunin da magina ke duba miƙewar gini da shi, a yi ta ba kankaren ruwa har mako guda kafin a ɗora allon. Shi kansa allon a yi masa firam na ƙarfen angul mai sanduna a tsakiya, a ɗaure firam ɗin da noti mai milimita 12 a jikin kunnuwan da aka yi wa turakun walda, ta yadda za a iya sauke shi ranar gyara.

Amma duk wannan aikin banza ne idan bututun na ha'inci ne, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a kasuwar ƙarfe yanzu. Tun da kaya suka yi tsada, kaurin bututu ya zama abin da ake faɗa da baki kawai. A ce maka milimita 2 ne, ka auna ka tarar bai kai 1 da rabi ba. Wani kuma tsohon bututun da tsatsa ta cinye cikinsa zai goge, ya feshe shi da fenti mai ruwan azurfa, ya ce maka galbanaiz ne, wato ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa tun daga masana'anta. Mafi muni shi ne mai waldar da zai karɓi kuɗin mai kauri ya sayo marar kauri, ya haɗa guntaye biyu da walda, ya shafe wurin da fenti, ya san sarai cewa ba za ka gane ba sai ranar da hadari ya taso. Mu ma masu saye muna da laifi, domin mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kan rubutu da launi da fitila, amma da an zo kan ƙarfen da zai riƙe su sai ya ce a nemo na araha. Araha ba ta ado, kuma allon da ya faɗo ba a kan mai shi kaɗai yake faɗowa ba. Mai shayi ne a ƙarƙashinsa, ko almajirin da ya fake wa ruwa, ko babur ɗin wani. Ka je wurin saye da ƙafarka, ka sa a auna bakin bututun da ma'aunin kauri a gabanka, ka leƙa cikinsa, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, kuma kada ka yarda a shafa masa fenti sai ka gan shi tsirararsa.

Tambaya: Zan iya ɗaure gefe ɗaya na allona a jikin turken wutar lantarki, in rage kuɗin bututu ɗaya?

Amsa: A'a. Turken ba naka ba ne, ba a yi shi don ɗaukar allo ba, kuma ɗaga firam ɗin ƙarfe kusa da wayar wuta ya isa ya kashe ma'aikacinka nan take. Ban ga abin da za a tsaya tattaunawa a nan ba.

Tambaya: An ce idan na huhhuda banar leda iska za ta wuce, ba sai an yi turaku masu ƙarfi ba.

Amsa: Abin da hudar ke ragewa kaɗan ne ƙwarai, kuma daga bakinta ledar ke fara yagewa. Ka ɓata rubutunka, turakun kuma suna nan da nauyinsu.

Tambaya: Ina da makarantar Islamiyya ta yara a Zariya. Allonmu na katako ya fara karkata tun ruwan bara, yara kuma a gindinsa suke wasa. Ba ni da kuɗin sabo yanzu, abin yana hana ni barci.

Amsa: Malama, Allah Ya saka miki da alheri da wannan kulawa, kuma ki kwantar da hankalinki, domin abin da ya fi gaggawa ba ya bukatar kuɗi. Yau ɗin nan ki sa a kwance allon a jingine shi cikin gida. Makaranta ba za ta rasa ɗalibi ba don ta yi wata guda babu allo. Bayan haka a tona gindin turakun a soka musu wuƙa. Idan ta shige cikin sauƙi, gara ko ruwa sun gama da su, kada a ɓata siminti a kansu, kuma kada kowa ya ba ki shawarar tokara su da sanda. Idan akwai katanga mai ƙwari a gaban makarantar, a kafa allon a jikinta, wannan ya fi sauƙi ya kuma fi aminci. Ranar da Allah Ya hore kuɗin bututu, ki ce a shafa masa jan fentin hana tsatsa, a toshe samansa da faifan ƙarfe don kada ruwan sama ya taru a ciki, a kuma tudunta kankaren ya ɗan fi ƙasa tsayi, domin daidai inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa ne tsatsa ke fara ci. Kafin a haƙa rami a bakin titi, ki aika wani ya tambayi ƙaramar hukuma ko hukumar tsara birni izini, don kada a gama aiki a zo a shafa masa jan fenti a ce a tumɓuke.